Tafiyar kwanaki a jirgin ruwa daga Gulbin Kebbi zuwa Tafkin Kainji

Ga mazauna garin Diggi da sauran garuruwan fadamar Gulbin Kebbi, a ƙaramar hukumar Kalgo ta masarautar Gwandu, jirgin ruwa abin hawa ne na yau da kullum. Da shi ake zuwa gonar shinkafa idan ruwa ya cika fadama, da shi ake fito zuwa kasuwannin tsallake, da shi kuma masunta ke neman abinci.

Sai dai fiton sa'a guda daban, tafiyar kwanaki daban. Wanda ya yi niyyar ɗaukar shatar jirgi ya gangara daga wannan yanki har zuwa Kogin Kwara, ya wuce Yauri, ya faɗa Tafkin Kainji, ko don fatauci ko ziyarar dangi ko bincike ko buɗe ido, yana bukatar shiri na musamman. Hanya ce mai kyan gani da dogon tarihi, amma kuma ta ci rayuka masu yawa a shekarun baya-bayan nan.

Hanyar ruwan

Kogin da mutanen yankin ke kira Gulbin Kebbi shi ne wanda taswira ke nunawa da sunan Kogin Sakkwato. Ya taso ne daga kusa da Funtuwa a jihar Katsina, ya ratsa ta Gusau, ya haɗu da Gulbin Rima a kusa da birnin Sakkwato, sannan ya karkata kudu ya bi ta Argungu da Birnin Kebbi.

Daga nan ne yake shimfiɗa fadama mai faɗin gaske, wadda Diggi ke bakinta. A kudu da nan Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Jega, yana zubowa a cikinsa, daga baya kuma Gulbin Ka ya iske shi. Bayan ya wuce yankunan Bunza da Suru sai ya faɗa Kwara a yankin Bagudo.

Shi kuwa Kogin Kwara, wanda tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,180, ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Jamhuriyar Nijar, ya bi iyakar Benin, kana ya shigo Nijeriya ta jihar Kebbi, wajen Dole Kaina da Lolo. Daga Bagudo yana bi ta yankunan Koko-Besse da Shanga har zuwa Yelwan Yauri, inda yake fara buɗewa ya zama tafki.

Tafkin Kainji ya samu ne sakamakon madatsar ruwan da aka gina tsakanin 1964 da 1968 domin samar da wutar lantarki. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 135, kuma ya mamaye fili na kusan murabba'in kilomita 1,300. Gaɓarsa ta gabas a wajen Yauri da Ngaski tana cikin jihar Kebbi, ta yamma kuwa, wato Agwara da Borgu, tana cikin jihar Neja.

Ke nan matafiyi zai gamu da ruwa iri uku: gulbi mai ƙarancin zurfi da yawan lanƙwasa, babban kogi mai ƙarfin gudu da tsibirai, da kuma tafki mai faɗi inda iska ke tayar da igiyar ruwa. Jirgin da ya dace da ɗaya ba lalle ne ya dace da sauran ba.

Tsohuwar hanya ce

Tun kafin zuwan mota, wannan ruwa shi ne babbar hanyar yankin. Masana tarihi sun ambaci cewa Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kebbi a ƙarni na 16 ya kuma zauna a Surame, yana da jirgin ruwan da yake zagaya ƙasarsa da shi a lokacin cikar gulbi. Kabawa sun shahara da su da sarrafa jirgi, haka ma Sarkawa, masuntan da suka bazu a gaɓar Kwara, da Gungawa mazauna tsibiran Yauri.

Turawan da suka zo neman sanin inda Kwara ya dosa su ma ta nan suka bi. Mungo Park, ɗan ƙasar Birtaniya, ya taso daga Sansanding a Mali ta yau cikin Nuwamban 1805, ya gangaro har Yauri, amma bai wuce Busa ba, domin a nan ya hallaka a farkon 1806, a wurin da ruwa ke gudu da ƙarfi tsakanin duwatsu.

A 1830 wasu 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka isa Busa, suka haura zuwa Yauri neman takardun da Park ya bari, suka yi fiye da wata guda a can. Daga baya suka gangara har bakin teku cikin Nuwamba na wannan shekara, abin da ya tabbatar wa Turai inda kogin ke ƙarewa.

Shi ma Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bar Gwandu cikin Yunin 1853, ya bi ta Birnin Kebbi da Diggi, ya tsallaka fadamar zuwa Zogirma a kan hanyarsa ta zuwa Say da Tumbuktu.

Tsohon garin Busa da duwatsun da suka ci Park yanzu suna ƙarƙashin tafki. Mutane kimanin 44,000 aka tayar daga matsugunansu lokacin da ruwan ya taru, aka gina musu sababbin garuruwa, ciki har da Sabuwar Busa. Wannan tarihi yana da alaƙa kai tsaye da lafiyar matafiyin yau, kamar yadda za a gani a gaba.

Lokacin tafiya

Babu shawarar da ta kai zaɓen lokaci muhimmanci, domin ruwan yankin ba ya zama a hali ɗaya.

Kwara yana cika sau biyu a shekara a wannan sashe. Cikar farko, wadda ake kira farin ruwa, tana zuwa ne daga ruwan saman da aka yi a arewacin Nijeriya da maƙwabta, tsakanin Agusta da Oktoba. Ruwan yakan zo da laka, shi ya sa launinsa ke yin fari-fari, yana kuma ɗauke da itatuwa da ciyayi.

Cika ta biyu ita ce baƙin ruwa. Wannan ruwan damina ne da aka yi a tsaunukan Gini, wanda ya yi watanni yana ratsa fadamun tsakiyar Mali, ya zubar da lakarsa a can, sannan ya iso Nijeriya garau daga wajen Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ko ɗigon ruwan sama babu a Kebbi.

Gulbin Kebbi kuwa cika ɗaya yake yi, ta damina. Yakan tumbatsa a Agusta da Satumba, daga nan ya riƙa ja da baya, har ta kai da rani yashi ya fito a wurare da yawa, jirgi mai inji ya kasa wucewa. Ruwan da ake saki daga madatsun Bakolori da Goronyo shi ma yana iya sauya zurfinsa cikin 'yan kwanaki. Ambaliyar 2010 da ta 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar Kebbi, sun nuna irin ƙarfin da gulbin ke da shi idan ya fusata.

Saboda haka wanda yake son ya yi tafiyar gaba ɗaya a kan ruwa, tun daga fadamar Diggi, lokacin da ya fi dacewa da shi shi ne bayan ɗaukewar damina, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. A lokacin hadari ya wuce, gulbi bai riga ya janye ba, tafki kuma a cike yake.

Daga Disamba zuwa Fabrairu Kwara da tafkin suna da ruwa isasshe, amma hazon hunturu yakan rufe gaba, musamman da safe, ga kuma sanyin dare a bakin ruwa. A wannan lokaci ya fi sauƙi a bi mota zuwa Bagudo ko Yauri a hau jirgi daga can.

Lokacin da ya fi haɗari a tafkin shi ne daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina. Ruwan tafkin yakan sauka da kimanin mita 10 tsakanin cikarsa da ƙarancinsa, saboda ana amfani da shi wajen juya injinan lantarki. Idan ya sauka, kututturan itatuwan da ruwa ya binne tun 1968 sukan matso kusa da sama. A daidai wannan lokaci ne kuma guguwar farkon damina ke tasowa ba zato ba tsammani.

Ɗaukar shatar jirgi

A wannan hanya ciniki da masu jirage ake yi kai tsaye, a tashar ruwa. Hanya mafi aminci ita ce a bi ta hannun shugabannin ƙungiyar masu jiragen tashar, ko ta hannun Sarkin Ruwa ko mai garin wurin, domin su suka san jirgi mai lafiya da matuƙin da ya san hanya, kuma su za a koma wa idan an sami saɓani.

Jirage iri uku aka fi gani. Akwai ƙaramin kwale-kwale na tuƙi da filafili ko gwangwala, wanda ya dace da fadama da gajeren fito. Akwai babban jirgin katako mai inji a baya, wanda ke ɗaukar mutane da buhuna da dabbobi zuwa kasuwanni. Akwai kuma ƙananan jirage masu gudu da ba na katako ba, waɗanda suka fi tsada, aka kuma fi samunsu a wajen Yauri.

Kafin a biya kafin alƙalami ya kamata a ga jirgin da ido, da rana. A duba mahaɗar katakai ko akwai ruɓa ko sabon faci, a lura da yawan ruwan da ke taruwa a cikinsa yana tsaye, a sa a tayar da injin a ji ƙararsa. A tambayi ko akwai filafilai da abin kwarfar ruwa da igiya da fitila, da kayan gyaran inji, musamman farfela ta ajiya, domin ita ce kan fara lalacewa idan an bugi kututture ko yashi.

Sharuɗɗan da suka kamata a daddale a gaban shaidu sun haɗa da yawan kwanaki, da wuraren da za a yada zango, da wanda zai sayi mai, da abincin matuƙi da yaransa, da kuɗin komawar jirgi gida, da kuma abin da za a yi idan inji ya mutu a hanya. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mai shi ne ke cin kaso mafi girma na kuɗin irin wannan tafiya, kuma haurawa ta fi gangarawa shan mai nesa ba kusa ba.

Sharaɗi ɗaya da bai kamata a yi sassauci a kansa ba shi ne na lodi. Wanda ya ɗauki shata ya sayi jirgin ne gaba ɗaya na waɗannan kwanaki, don haka a faɗa tun farko cewa ba za a ƙara fasinja ko kaya a hanya ba.

Haka kuma da wuya a sami matuƙi ɗaya da ya san hanyar daga farko har ƙarshe. Mutumin fadamar Kebbi ya san mashigan gulbinsa, amma baƙo ne a tsakiyar tafki. Abin da ya fi shi ne a sauya jirgi a Bagudo ko Yauri, ko kuma a ɗauki ɗan jagora daga kowane yanki. Matambayi, in ji Hausawa, ba ya ɓata.

Zango-zango

Tafiyar ta kasu kashi uku bisa yanayin ruwan, kuma kowane kashi yana iya cin yini ɗaya ko fiye, gwargwadon ƙarfin inji da zurfin ruwa da yawan tsayawa.

Kashi na farko, daga fadamar Diggi zuwa mahaɗar Kwara, tafiya ce a tsakanin gonakin shinkafa da garkunan shanu da rugagen Fulani. Gulbin yana rarrabuwa zuwa rassa, wasu su ɓulle wasu su mutu a cikin ciyawa. Tarun masunta da aka gitta a ruwa sukan naɗe farfela, kuma yanke wa mutum taru yana jawo rigima, don haka a nan sannu a hankali ake tafiya.

Kashi na biyu, daga yankin Bagudo zuwa Yauri, shi ne na babban kogi. A nan ake wuce gadar Tuga, ana kuma cin karo da tsibirai, waɗanda ake kira gungu, inda sunan Gungawa ya samo asali. Yelwan Yauri ita ce tasha mafi girma a hanyar, akwai masauki da asibiti da kasuwar kifi da albasa, da wurin sayen mai. A kusa da nan ne mashigin Zamare zuwa Rofiya yake, inda ake fito tsakanin jihohin Kebbi da Neja.

Kashi na uku shi ne tafkin kansa, ta gefen Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, da tsibirin Foge, har zuwa tashoshin gaɓar Borgu irin su Malale, daga inda mota ke kai mutum Sabuwar Busa. A tsakiyar tafkin akwai wuraren da ba a hango gaɓa sosai, kuma iskar yamma takan tayar da igiyar da ke iya cika jirgin katako da ruwa. Matuƙan da suka ƙware sukan tsallaka da sassafe, su bi kusa da gaɓa idan rana ta yi. Ita madatsar wuri ce mai tsaro, ba a kusantarta sai da izini.

A kowane zango al'ada ita ce a fara gaida mai gari a sanar da shi ko su wane ne da inda aka dosa. Wannan ladabi ne, kuma kariya ce, domin a halin da ake ciki na rashin tsaro, baƙin da suka sauka bakin ruwa da yamma ba tare da sanarwa ba suna iya jawo wa kansu zargi. Ya kamata a tsara tafiya yadda za a isa masauki tun kafin la'asar ta yi sanyi.

Mai son ganin bukukuwa yana iya daidaita tafiyarsa da su. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, ana yin sa ne a ruwan Matan Fada, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. A Yauri kuma akwai bikin Rigata, inda ake tseren jirage da nuna bajintar ruwa.

Guzuri

Abu na farko a jerin guzuri shi ne rigar kariya daga nitsewa, ɗaya ga kowane mutum, har da yara, kuma daidai jikinsa. Kada a dogara da cewa mai jirgi zai kawo. A saya tun daga Birnin Kebbi ko wani babban gari, a kuma sa ta a jiki tun kafin a hau, domin idan jirgi ya kife babu lokacin neman ta a ƙarƙashin kaya.

Na biyu shi ne ruwan sha. Ruwan kogi ba ya shayuwa sai an tafasa, kuma wanka a wuraren da ruwa ke kwance yana jawo cutar tsargiya. Sauro yana da yawa a bakin ruwa ko da rani, don haka gidan sauro da maganin zazzaɓin cizon sauro wajibi ne, tare da gishirin haɗa ruwan zawo da kayan ɗaure rauni.

Sauran kayan sun haɗa da tabarma da bargo, da rumfa ko tamfol don kare rana, da tocila, da leda mai kauri ta adana waya da takardu. Layin waya yakan ɗauke a wurare da dama, don haka yana da kyau a riƙe layuka biyu da abin cajin waya, a kuma bar wa wani a gida tsarin tafiyar, da lokacin da zai sa ran kira kowace rana.

Abinci busasshe irin su garin rogo da ƙuli-ƙuli da ƙilishi da dabino ya fi jure hanya. Kifi kuwa ba ya yankewa: giwan ruwa da tarwaɗa da ƙarfasa da ragon ruwa da ƙurungu duk ana samunsu a tashoshi. Kuɗi a hannu, musamman ƙananan takardu, sun fi amfani a ƙauyukan gaɓa. Jarkokin mai kuma a ajiye su nesa da wurin girki.

Haɗurra da dalilansu

A ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgin katako ɗauke da mutane fiye da 150 ya tarwatse a kusa da Warra, bayan ya taso daga gaɓar jihar Neja. Mutane kimanin 20 ne kawai aka ceto, aka kuma yi kwanaki ana tsamo gawarwaki. Jami'ai sun ɗora laifin a kan tsufan jirgin da lodin da ya wuce kima.

A watan Janairun 2023 wani jirgin da ya ɗauko manoman shinkafa ya kife a yankin Koko-Besse. A watan Yuni na wannan shekara mutane fiye da 100 suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara, suna dawowa daga ɗaurin aure da dare. A farkon Oktoban 2024 kuma wani jirgi mai ɗauke da kusan mutum 300, akasarinsu mata da yara masu zuwa Maulidi, ya kife da dare a yankin Mokwa na jihar Neja.

Idan aka duba waɗannan haɗurra za a ga dalilai iri ɗaya suna maimaituwa: lodi fiye da kima, tsohon jirgi, tafiyar dare, karo da kututture ko itacen da ruwa ya ɗauko, da rashin rigar kariya. Huɗu daga cikin biyar ɗin nan suna hannun mai shata tun kafin a bar tasha. Na biyar, wato kututture, maganinsa matuƙin da ya san wurin da kuma hasken rana.

Akwai kuma dorina, musamman a wajen Yauri. A watan Oktoban 2024 sai da mafarauta da masunta suka yi gangami suka kashe wata dorina a can bayan ta hallaka wani mutum. Dorina mai ɗa ta fi haɗari, kuma matuƙa sukan kauce wa wuraren da aka san tana kwanciya, musamman da asuba da almuru.

Doka da hukumomi

Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta Nijeriya, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997 take kuma da hedkwata a Lokoja, ita ke da alhakin rajistar jirage da sa ido a kan zirga-zirgarsu. Tana da ofishin yanki a Yauri. Ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023 sun wajabta sa rigar kariya, sun hana lodi fiye da kima, hukumar kuma ta haramta tafiyar dare.

Hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa, wadda aka sani da HYPPADEC, mai hedkwata a Minna, ta rarraba rigunan kariya a garuruwan gaɓa, ta kuma yi aikin sare kututture a wasu hanyoyin ruwa. Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, hukumar NiMet kuma tana bayar da hasashen yanayi.

Matsalar ita ce tashoshin ruwa sun fi jami'ai yawa, kuma da yawa daga cikinsu ƙauyuka ne da babu wanda ke ƙirga fasinja. Agajin farko idan haɗari ya auku yakan fito ne daga masunta da masu ninƙaya na kusa. Don haka bin doka a nan ya rataya ne a wuyan matafiyi da matuƙinsa.

Tsaro da kan iyaka

Batun tsaro yana iya sauya dukkan tsarin tafiya. A watan Yunin 2021 'yan bindiga sun sace ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, kuma dazuzzukan gandun namun dajin Kainji, wanda ya ƙunshi sassan Borgu da Zugurma, sun zama mafakar ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai a shekarun baya-bayan nan. A 2024 kuma hare-haren ƙungiyar Lakurawa sun shafi wasu sassan arewacin jihar Kebbi. Wajibi ne a nemi shawarar jami'an tsaro da sarakunan yankin daf da tashi, a kuma kasance a shirye a soke wani zango.

Wanda yake son ya haura Kwara zuwa Gaya ta Nijar ko Malanville ta Benin ya sani cewa ruwan iyaka ne, akwai jami'an kwastan da na shige da fice. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar an rufe gadar da ta haɗa garuruwan biyu, jama'a suka koma fito da kwale-kwale. Nijar kuma ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, don haka a tabbatar da takardun da ake bukata kafin a tashi.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

A wasu sassan duniya irin wannan tafiya babbar sana'a ce. A Masar jirage na kai masu yawon buɗe ido tsakanin Luksor da Aswan a Kogin Nilu cikin kwana uku zuwa huɗu.

A ƙasar Norway, a arewacin Turai, jama'a kan ɗauki shatar jirgi su yi kwanaki suna zagaya mashigan teku masu zurfi da suka kutsa tsakanin duwatsu, waɗanda ƙanƙara ta sassaƙa tun zamanin da. Mafi tsawonsu, Sognefjord, ya haura kilomita 200, zurfinsa kuma ya kai kimanin mita 1,300. Biyu daga cikinsu, Geirangerfjord da Nærøyfjord, sun shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2005. Jiragen Hurtigruten suna bin gaɓar ƙasar tun 1893.

Abin lura a can shi ne tsari. Akwai taswirar da ta nuna zurfin ruwa da duwatsun ɓoye, da alamomi a kan hanya, da rediyon neman agaji, da ƙungiyar ceto da aka kafa tun 1891. Duk wanda aka haifa daga 1980 zuwa sama sai ya mallaki lasisi kafin ya tuƙa jirgin shaƙatawa mai tsawon fiye da mita 8 ko mai babban inji, kuma tun 2015 doka ta tilasta sa rigar kariya a ƙananan jirage.

A Gulbin Kebbi da Tafkin Kainji, taswirar tana cikin kan matuƙa ne, waɗanda suka gaji sanin ruwa daga iyaye da kakanni. Su ne suka san inda kututture yake, da reshen da ke ɓullewa, da irin iskar da ake gudu. Sanya alamomi a wuraren haɗari, da sabunta jirage, da tsayar da doka a tashoshi, su ne abubuwan da za su ƙara wa wannan sani ƙarfi.

Kafin hakan ta samu, abin da ke hannun matafiyi shi ne ya zaɓi lokaci, ya duba jirgi, ya ƙi lodi, ya sa rigar kariya, ya kuma sauka kafin rana ta faɗi. Ga mutanen Diggi da Bunza da Bagudo da Yauri da Warra, waɗanda ke bin ruwa zuwa gona da kasuwa, waɗannan ƙa'idoji biyar su ne na fiton kowace safiya.